Mai Fitar da Ni Bayan La'asar

Daminar da na yi takaba, babu abin da ya ci mini rai kamar wata kwamfuta da ban taɓa gani da idona ba. Tana can wata ƙasa mai sanyi, cikin wani gini da maigidana ma bai taɓa takawa ba. Haya ya kama ta, kamar yadda ake kama shago a kasuwa, kuma sunan da yake kiranta ke nan, shago. Masu sana'ar suna ce mata saba. Daga ɗakinmu na Gusau sai ka kunna taka kwamfutar, ka danna wata 'yar alama, fuskar waccan ta bayyana a kan taka, ka yi aikinka a cikinta kamar tana gabanka. Idan ya ce bari ya buɗe shago, to na san ba zan sake jin bakinsa ba sai an kira salla.

Aikin da muke yi a shagon shi ne haɗa sakamakon jarrabawa na wasu makarantun kuɗi, ɗaya a Gusau, ɗaya a Tsafe, ɗaya a Bungudu. Malamai su turo maki, mu shigar, na'ura ta tara ta fitar da na ɗaya da na ƙarshe, a buga wa kowane yaro takardarsa. Ni ce mai shigar da maki tun da can, domin na koyar da lissafi kafin aure kuma hannuna ya fi nasa sauri, ko da yake bai taɓa yarda da haka a gaban mutane ba. Amma duk abin da ya shafi cikin na'urar nasa ne. Idan ta fara gardama sai in tashi in ba shi kujera, in tafi in duba tukunya.

Ya rasu ana tsakiyar zangon ƙarshe na shekara. Ciwo ya kama shi a Tsafe, gidan mahaifiyarsa, ya je kai wa makarantar can wasu takardu. Aka kawo shi asibiti Gusau, bai daɗe ba rai ya yi halinsa. Ba mu da ɗa, shi ya sa tun ba a naɗe tabarmin makoki ba maganar komawata gida Bungudu ta fara yawo a tsakar gida. Mahaifina ba mai tilastawa ba ne, shi tambaya yake yi har ka gaji. Ya ce in na gama takaba me zan zauna yi ni kaɗai a gidan haya? Na ce aikin makarantu. Ya ce to, idan makarantun sun bar aikin a hannuna shi ma ya yarda in zauna, idan sun karɓe in tattara kwanukana. Na san lissafin da ya yi: mace mai takaba, ba ta fita, babu mai bar mata. Ni kuma na san abin da ke jirana a Bungudu, ɗakin da na bari ina budurwa wanda yanzu buhunan gero ne a ciki, da mata masu leƙowa safe da yamma suna ce mini sannu. Ba na son in bar ɗakin da muka zauna. Saboda haka ya zama dole sakamakon zangon nan ya fita kafin a ba da hutu, kuma daga hannuna.

Gwaggona ta taya ni zama makonnin farko, sannan noma ya kira ta gida. Daga nan sai ni da kwamfuta. Lokacin aikina ƙanƙani ne. 'Yar solar da ke kan rufinmu ba ta cika batir sai azahar, musamman ga hadari kullum, kuma da magariba batirin ya gama abin da zai yi. Malamai ma sai an tashi makaranta suke ɗaukar hoton takardun maki su turo ta waya, wasu hotunan a karkace, wasu da babban yatsan malam a kan sunan yaro. Tsakanin azahar da magariba nake da shi, ba ƙari.

Ranar da abin ya fara, na idar da la'asar na koma kan makin 'yan aji biyar. Ina cikin bugawa sai shagon ya rufe, wani ɗan akwati fari ya fito da layukan Turanci. Na danna shi ya ɓace, na ce netwok ne, na sake shiga. Da ya buɗe sai na ga duk shafukan da nake aiki a kai sun sauka ƙasa, babu komai a fuskar sai hotonsa.

Shi ya sa hoton da kansa, don mutum ne mai son kansa daidai gwargwado. A gonar wani abokinsa aka ɗauka, can Ruwan Bore, hula ta karkace, ya ƙanƙance ido saboda rana, yana yi wa wani da ba a gani dariya. Tun da ya rasu nake dabarar kada in gan shi. Nakan bar shafukan aiki a buɗe su rufe shi, yadda ko na fita na dawo su zan tarar. Ranar ban shirya ba. Na zauna ina kallonsa na tsawon lokaci, sannan na ɗago shafukana na ci gaba. Ban yi layi biyu ba aka sake fitar da ni. Na koma, ga shi kuma yana dariya. Sai da aka yi haka sau biyu ko uku sannan abin ya lafa.

Washegari haka, jibi haka. Wata rana a tsallake, har in fara murna, kashegari a dawo. Kuma kullum bayan la'asar.

Netwok na fara tuhuma, kamar kowa a garin nan, inda ko miya ta yi tsami sai a ce netwok ne. Na canja layi. Na ɗauke 'yar na'urar intanet ɗin daga kan tebur na ɗora kan taga, na rataye ta a ƙusa, daga ƙarshe na sa ta a leda na ɗaure a reshen darbejiyar tsakar gida. Babu abin da ya canja. Na ɗora wa hadari laifi, sai ga rana tarwai an fitar da ni. Sai na yi wata dabara da har yau nake yabon kaina a kanta: na kunna wa'azi a waya da layi ɗaya da wanda nake aiki, na ce idan netwok ne malam ma zai tsaya. La'asar ta yi, shago ya rufe, malam kuwa ko tari bai yi ba, yana ta bayanin hukuncin gyaran salla. Na kashe shi da haushi, bawan Allah bai yi mini komai ba.

Na koma kan tawa kwamfutar, tsohuwa ce mai ɗaukar zafi. Na ɗora ta kan bulo biyu don iska ta shiga ta ƙasa, na zauna ina yi mata fifita da mafici, ni da babu mai yi mini. Wani abokin maigidana mai gyaran waya ya zo gaisuwa, ya tsaya zaure tun da ba zai shigo ba, muka yi magana ta waya ni da shi a gida ɗaya. Ya ce irin waɗannan na'urori sukan rufe idan sun ga mutum ya daɗe bai taɓa komai ba. Na ce masa ni yatsuna har ciwo suke. Ya ce duk da haka in ƙara wa'adin, ya bi da ni lungu-lungu har muka samo wurin na ƙara. Ya kuma ce in rage kyan hoton da ake turo mini daga can don kada ya yi wa layi nauyi. Na rage, sai hoton maigidana ya ɓace gaba ɗaya, fuskar ta koma baƙa ƙirin. Ni da nake gudun ganinsa, ban iya kwana da wannan baƙin ba, na mayar yadda yake. Mai gyaran waya ya ce abin da ya rage shi ne in kashe saba ɗin in sake kunnawa.

Wannan ne abin da maigidana bai taɓa bari na yi ba. Na yi shi da azahar, na danna na ga komai ya ɗauke. Minti nawa ne ban sani ba, amma a cikinsu na hango kaina cikin mota da kwanuka a baya, mun nufi Bungudu. Na yi ta ƙoƙarin shiga ana ce mini babu kowa a gida. Can sai ta amsa. Na yi hamdala, na ce yau na kashe bakin abin. Bayan la'asar aka fitar da ni.

Gaskiyar magana, ba katsewar ce ke cinye mini lokaci ba, don komawa ba ta da wuya kuma makin da na shigar ba ya ɓacewa. Hoton ne. Duk lokacin da na koma na tarar da shi sai hannuna ya mutu, in kasa buga ko sifili, in zauna har hasken taga ya fara ja. Aiki ya taru. Wata rana ma na koma na tarar an jera wa wata yarinya lambar bakwai a gurbin makinta, layi guda har ya fita shafi. Na ce ni ce na danne da gwiwar hannu ban sani ba, na goge, na yi wa kaina faɗa.

Hedimastan makarantar Bungudu ya kira. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya sake yi mini ta'aziyya, ya tambayi ruwa a Gusau, sannan ya ce shi ba gaggawa yake ba, amma iyayen yara ba su da haƙuri, kuma akwai wani da ya buɗe shagon kwamfuta kusa da su, in aikin ya yi mini yawa kada in ji nauyin faɗa. Na ce bai yi mini yawa ba. Da na ajiye wayar na zagi shagon kwamfutar da mai shi, ni kaɗai a ɗaki, sannan na yi istigfari.

A kwanakin nan na san abin da ake kira kaɗaici. Masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa. Yini guda sai ya wuce ban buɗe baki ba sai a salla, har na fara yi wa na'ura magana, ina ce mata haba baiwar Allah, me na yi miki? Mahaifiyata takan kira, amma duk hirar ƙarshenta yaushe zan dawo. Wadda na so ta kira ita ce surukata, Inna, don ita kaɗai ce ta yi rashin da ya kai nawa, ita kuwa ko sau ɗaya. Maigidana ɗan farinta ne, kuma ita irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gasken gaske. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, mutumin Gusau take ce masa. Idan ya shiga gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa wa bango. Na san al'adar, a cikinta na tashi, amma na ɗauka mutuwa za ta ɗage ta. Ranar makoki ta zo ta zauna ido a bushe, ta ce mini haƙuri, ta koma Tsafe. Na riƙe ta a zuciya, ba zan ɓoye ba. Na ce wannan tsohuwa dutse ce.

Da dabarata ta ƙare sai na rubuta wa kamfanin da ya ba mu hayar. Amsa ta zo daga wani da ban san fuskarsa ba, mai ladabi, ya kira ni da sunan maigidana tun da sunansa ne a kan hayar. Ban gyara masa ba. Na karanta gaisuwar nan fiye da sau ɗaya. Ya ce sun duba, na'urarsu lafiya lau take, ba ta ɗauke ba ko na daƙiƙa. Sannan ya yi tambaya ɗaya: idan an fitar da ni, me ɗan akwatin da ke fitowa yake cewa, kalma da kalma?

Na ɗora yatsu in rubuta masa amsa, sai na ga ban sani ba. Makonni ina danna akwatin nan da haushi, ban taɓa tsayawa na karanta ba. Ni da nake cewa ɗalibai su karanta tambaya kafin su amsa. Ranar da la'asar ta yi na ɗora hannuwana kan cinya na jira. Akwatin ya fito, na karanta a hankali. Cewa ya yi an yanke ni ne saboda wani ya shiga shagon da sunanmu da kalmar sirrinmu.

Na sake karanta shi. Ashe duk fifitar nan da hawa darbejiya, mutum ne ke ture ni ya zauna kan kujerata. Na rubuta wa mai ladabin, ya bayyana mini cewa shagon mutum ɗaya yake ɗauka a kan suna ɗaya. In wani ya shigo sai a fitar da na ciki, in na cikin ya dawo sai a fitar da wancan. Wato kokawa muke yi ni da wani kullum bayan la'asar, ba mu ga juna ba. Na fara jera masu laifi a kaina. Mai sabon shagon Bungudu, don ya ɓata mini suna. Wani malami mai son a ɗaga wa ɗan mai kuɗi maki. 'Yan damfarar intanet da ake ba da labari. Na tuna jerin bakwai ɗin nan na ce to, ga shaida. Na koma na bi makin kowane aji ina gwadawa da hotunan malamai, ban ga an taɓa komai ba, wannan ma ya ƙara mini tsoro, don ban san abin da ɓarawon yake nema ba.

Maganin mai sauƙi ne, in canja kalmar sirri. Ita tsohuwar kalmar wata tsokana ce da yake yi mini tun muna sabon aure, ya haɗa ta da lambobi. Kullum sai na buga ta da yatsuna, kuma ita ce maganarsa ta ƙarshe da ta rage tana aiki a duniya. Na daɗe ina kallon gurbin. Amma hutu ya matso kuma hedimasta na jira. Na goge ta na sa wata, marar ma'ana, irin wadda mai ladabin ya ce ta fi tsaro.

Shi ke nan, kamar an ɗauke ruwa. La'asar ta zo ta wuce ina zaune daram. Na yi aiki kamar mahaukaciya, na gama Gusau, na gama Tsafe, Bungudu na bar ta ƙarshe don in rama. Sakamako ya fita kafin hutu. Hedimastan ya kira yana ta sa albarka, ya ce dama shi ya san zan iya. Makarantun duka suka ce in ci gaba. Na faɗa wa mahaifina, ya ce to madalla, Allah ya taimaka, da muryar wanda aka kayar a shari'a. Na ji daɗi ranar, kuma na ji daɗin na rufe wa ɓarawo ƙofa a fuska.

Da na fita takaba, gidan farko da ya wajaba in je shi ne na Inna. Na shiga motar Tsafe da safe, gero ya fitar da kai a gonaki hagu da dama, idona har ciwo yake don na manta faɗin duniya. Inna ta karɓe ni yadda ta saba, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen Bungudu, ta sa aka kawo mini fura. Ba ta ambace shi ba, ni ma ban ambata ba.

Ƙanwar maigidana ce ke zaune da ita, ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti. Bayan azahar ta ja ni ɗakinta, ta jawo wata baƙar jaka daga ƙarƙashin gado. Tun kafin ta zuge na gane ta. Laftof ɗinsa ce, wadda ya tafi da ita ranar da ciwo ya kama shi. Na san tana gidan, amma ban tambaya ba, don ba na son a ce ba a raba gado ba na fara ƙirga kaya, daga baya ma na manta da ita.

"Don Allah ki duba muna abin ga," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Ya daina buɗewa, wata kalma shike tambaya."

Sai ta ba ni labari. Bayan rasuwar da 'yan makonni ta kai laftof ɗin asibiti ta yi caji, ta kunna a gida ta ga ko akwai abin da zan buƙata. Ta haɗa da intanet ɗin wayarta, ta danna wata alama, sai ga rubuce-rubuce, ta saukar da su, sai ga yayanta yana dariya. Daidai lokacin Inna ta zo wucewa da buta, ta tsaya a bakin ƙofa. Can ta wuce. Washegari da ƙanwar ta dawo daga aiki sai Inna ta ce mata, ba tare da ta dube ta ba, ta duba kayan mutane ko ruwa bai taɓa su ba. Ta gane. Ta kunna, ta saukar da rubutun da ya rufe masa fuska, ta ajiye a kan tabarma, ta ce za ta je maƙwabta karɓo abu. Tun daga ranar haka suke yi duk ranar da ta samu caji, in an idar da la'asar Inna ta ce a duba kayan mutane. Sai dai netwok ɗin Tsafe, in ji ta, ba shi da mutunci, hoton bai daɗewa sai ya ɗauke, Inna ta yi gyaran murya, ita kuma ta dawo ta sake dannawa. Wata rana ma Inna ta ga ƙura ta sa gefen mayafi ta goge madannan. Su duk zatonsu hoton a cikin laftof ɗin yake. Da ya fara tambayar kalma suka ce ya lalace. Inna ta yi kwanaki tana cewa a duba kayan mutane, ana ce mata bai buɗe ba, har ta daina tambaya.

Ban san lokacin da na fara dariya ba, kuma ban san lokacin da ta koma kuka ba. Na ce mata ni ce netwok ɗin Tsafe, ku kuma ku ne ɓarayin Gusau. Na bayyana mata duka, yadda hoton yake can wata ƙasa, yadda in sun shiga ake fitar da ni, in na koma a fitar da su, da yadda na kusa rasa aikin. Ta dafe kai. Na karɓi laftof ɗin na buga sabuwar kalmar, ya buɗe, na saukar da shafukan da hannuna. Niyyata in kwafo hoton in ajiye musu a cikin laftof ɗin kanta, kowa ya samu nasa, abin da ba zai ɗauke ni minti biyu ba.

Ɗakunan gidan katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma na manta ina da murya. Sai muka ji Inna ta kira ni. Na shiga na durƙusa, ƙanwar ta biyo ni da laftof ɗin a buɗe ta ajiye gefe. Inna ba ta kalli wajen ba, carbinta take kallo.

"Abin da nij ji, gaskiya na? In anka buɗe nan, ke can sai shi rufe maki?"

Na ce haka ne, Inna, amma yanzu zan gyara, ba zai sake faruwa ba.

"Kuma aikin da kike zaune don shi na."

Na ce eh.

Ta ja carbinta. "Ashe ni ka korar ki," in ji ta. "Ke kaɗai cikin ɗaki, ni ka korar ki."

Na ce wallahi ba ta sani ba, ni ma ban sani ba, kuma hoton zai zauna a nan ba tare da ya taɓa aikina ba. Na ce in ta fi so a wanke shi a takarda babba a kawo mata. Nan na yi kuskuren lissafi, don na fito da abin fili, a gaban 'yarta da surukarta, na kira shi da sunansa hoto, na ce nata ne. Ta gyara mayafi ta ce me za ta yi da hoto, ita da ba yarinya ba. Kayan mutane ne dama take sa a duba kada su lalace, tun da mai su ta zo sai ta ɗauki abinta.

"Ɗauki ki tahi da shi," in ji ta. "Ni na daɗe da shi. Ke ba ki daɗe ba."

Tun da na shigo gidan nan amarya, ranar ce kaɗai na ji ta yi maganarsa ba ta ce mutumin Gusau ba. Na so in kama hannunta, ban iya ba, ita ma ba za ta so ba. Na roƙe ta, ƙanwar ta roƙe ta, ta ce a kira mata mai kai ni tasha kada yamma ta yi mini a hanya. Kafin in fita na tura hoton a wayar ƙanwar a ɓoye. Daga baya na tambaye ta, ta ce ta sha barin wayar a kan tabarma da hoton a buɗe ta fita, in ta dawo sai ta tarar an kife ta.

Na iso Gusau da sauran rana. Na ajiye jakar a kan tebur, na buɗe laftof ɗin ban kunna ba tukuna. Hasken taga ya faɗo a kan baƙin gilashin a karkace, sai na ga wani wuri ɗaya, sama kaɗan ta dama, ya dushe da shatin yatsa, an taɓa an sake taɓawa har ya yi maiƙo. Na kunna, na shiga shago, na saukar da shafukan. Shatin ya faɗa daidai kan goshinsa, ƙasan hular.

Na kashe ta na mayar cikin jaka, ban goge ba. Da tsohuwar kwamfutata nake aiki har yau, daga azahar zuwa magariba, kuma babu wanda ya sake fitar da ni.